Zango da Gidan Fatoma: Inda Kakanninmu Suke Sauka a Kan Hanyar Fatauci

Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wata kalma da kullum take bakinmu, wato zango. Ɗan makaranta zai ce maka an shiga zangon karatu na biyu, ɗan siyasa yana neman zango na biyu a kan mulki, mai gabatar da shiri a rediyo kuma in lokaci ya ƙure masa sai ya ce bari mu ya da zango a nan. Duk waɗannan aro ne. Asalin zango wurin saukar fatake ne, inda ayari yake sauke kaya ya kwana, kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma zango ake ce mata. Mu da muke zaune a ƙasar Gwari ya kamata mu fi kowa sanin wannan tarihi, domin kuwa yawancin unguwannin Hausawa da ke wajen ƙasar Hausa daga irin wannan masauki suka tsiro.

Kowace al'umma da ta yi fatauci mai nisa sai da ta tanadi masaukin matafiya. A Ingila, kafin zuwan jirgin ƙasa, keken doki ne yake jigilar mutane da wasiƙu tsakanin birane, sai aka giggina manyan gidaje a bakin hanya inda ake canza dawakin da suka gaji, matafiya su ci abinci su kwana. Akwai ɗaya a birnin Landan da ake kira George Inn, wanda aka sake ginawa a 1677 bayan gobara ta cinye na farko. Gini ne mai hawa, da baranda ta katako da ke kallon tsakar gida inda kekunan suke tsayawa. Da jirgin ƙasa ya kashe sana'ar, kamfanin jirgin ne ma ya mallaki gidan ya rushe wani sashe nasa, amma ragowar tana nan, kuma tun 1937 tana hannun wata hukumar adana kayan tarihi. A birnin Alƙahira akwai wakalar Sarki al-Ghuri da aka gina wajen 1504 zuwa 1505, ƙasa rumbunan ajiyar kaya, sama ɗakunan kwanan 'yan kasuwa. A Iran kuwa, a 2023 hukumar UNESCO ta sanya masaukan ayari 54 cikin kayan tarihin duniya a lokaci guda.

To mu fa ina namu? Wani zai ce ai ba mu da shi tunda babu wani ginin dutse da za a nuna. Muna da shi, har iri biyu. Akwai zangon daji, akwai kuma gidan fatoma a cikin gari.

Bari mu fara da hanyar kanta. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wato 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar da ke arewacin Ghana ta yau. Wannan littafi dai ya kawo labarin goro dubu goma da Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau. Ke nan goro ya daɗe yana ratsa waɗannan dazuzzuka da muke zaune a cikinsu. A ƙarni na 19 fataucin Gwanja ya kai matuƙa. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Ilo, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har ya isa Salaga. Ana tafiya da kanwa da baƙaƙen tufafin rini da kayan fata da dabbobi, a dawo da goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Baturen nan Kilafatan, da ya zo Kayama a 1826, ya tarar da wani ayari da ya fito daga Gwanja, mutane sama da dubu maza da mata, da dabbobin dako kusan yawansu. Ka ƙiyasta a ranka, mai karatu, garin da mutum dubu da jaki dubu za su sauka a bayansa da azahar, kowa da yunwa da ƙishirwa.

Ayari yana da tsari kamar rundunar yaƙi. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke zama da sarakunan hanya a daidaita kuɗin fito da gaisuwa. Jagaba yana gaba, shi ke riga kowa isa ya duba inda za a sauka. Uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da lissafi da jan salla. Da asuba ake ɗaura kaya, a yi tafiyar sa'a biyar ko shida, kafin rana ta take an sauka, domin dabbobi su samu kiwo.

Zangon daji ba ya buƙatar magini. Abin da jagaba yake nema shi ne ruwa, inuwa, ciyawa, da gari a kusa wanda zai sayar da abinci. Ana isa sai kowace ƙungiya ta kama gefenta, yara su bazu yankan ciyawa da rassa, kafin la'asar an kakkafa bukkoki a kewaye. Kaya a tsakiya ake jibge su, dabbobi a ɗaure a turke kusa da masu su, in wurin da kura ko ɓarayi sai a ja shingen ƙaya. A jera duwatsu ta gabas a ce nan ne masallaci. Matan gari su fito da hatsi da doya da itace, a nan ƙasar kuwa mun san yadda matan Gwari suke ɗauko kaya a kafaɗa, sai kasuwa ta ci nan take har dare. Gobe da asuba a tashi a bar bukkokin, ayarin da ke biye ya zo ya gyara ya shiga.

Yadda wannan wuri na kwana ɗaya yake zama unguwa shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Kowane ayari in ya tashi sai ya bar wani a baya. Wani ciwo ya kama shi, wani jakinsa ya mutu, wani yana jiran bashi. Mahauci ya lura cewa kullum akwai masu son nama a nan, sai ya kafa rumfa. Wanzami ya zauna, maƙeri ya zauna, malam ya buɗe makarantar allo don 'ya'yan waɗanda suka zauna. Wanda ya fi daɗewa, ya ji yaren mutanen gari, shi ke shiga tsakani in an samu saɓani, daga nan sai sarkin gari ya ce kai ne Sarkin Zango ko Sarkin Hausawa. Bukka ta koma ɗakin ƙasa, shingen ƙaya ya koma danga, danga ta koma katanga. Mafi yawan lokaci a bayan ganuwa ko a gefen gari ake ba da filin, kuma masu ƙasa ne suke bayarwa. Wuraren da ake ƙetare kogi sun fi saurin zama haka, saboda in ruwa ya kawo dole a jira masu fito, wani lokaci kwana da kwanaki. Duk wanda ya tsaya a gadar Gurara a nan Izom cikin watan Agusta ya ga yadda ruwan yake tafasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan abin da ke tsayar da matafiyi mai jaki a bakin kogi.

Yanzu sai gidan fatoma, wanda shi ne ainihin takwaran waɗancan gidaje na Ingila da Masar. Fatoma, ko maigida kamar yadda aka fi kiransa a Kurmi da Gwanja, mutum ne mai babban gida a garin kasuwa wanda sana'arsa saukar baƙi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Zai ba ka wurin kwana, matansa su dafa maka tuwon dare, ya ajiye maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya yi maka tafinta. In za a sayar da kayanka bashi, shi ne zai tsaya, domin shi ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya a garin. Ribarsa tana cikin la'ada, da ɗan alherin da baƙo zai yi masa ranar tafiya. Jarinsa kuwa amana ce kawai. Ranar da aka ce kayan baƙo sun yi ƙafa a gidan wane, labarin zai riga shi isa Kano, kuma ayarin baɗi ba zai sauka a ƙofarsa ba.

Wannan sana'a ita ta tsara ginin. Daga waje za ka fara da zaure, kuma zauren fatoma ya fi na sauran mutane girma nesa ba kusa ba, don shi ne ofis, shi ne ɗakin cin abinci, shi ne wurin ciniki, da dare kuma yaran ayari su baje a ciki. Ƙofar shiga da ƙofar fita ta zaure ba sa kallon juna, saboda wanda ke waje kada ya hango ciki. In ka wuce sai ka faɗa wani fili da ake kira ƙofar gida, a nan ɗakunan baƙi suke a jere, da turakun jakuna da dawaki, da randunan ruwa, da makewayi na baƙi daban. Sai zaure na biyu, wato shigifa, wanda shi ne iyakar baƙo komai girmansa. Bayan shigifa cikin gida ne, inda iyali suke. Ka ga ke nan mutum zai iya saukar da baƙo talatin, su yi wata biyu, ba wanda ya taɓa ganin fuskar matar gidan, alhali kullum tuwonta suke ci. Ɗakin ajiya kuwa ba a yi masa taga, ƙofarsa ƙarama ce mai ƙarfi, kuma kusa da turakar maigida ake yin sa, yadda ko ɓera ya motsa zai ji.

Kayan ginin duk daga ƙasar wurin ake samunsu. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wajen gini ana jera shi tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri sosai a ƙasa, yana hawa yana sirancewa, shi ya sa tsohuwar katanga take kamar ta ɗan jingina da baya. Rufi da azara ake yi, wadda ake tsagawa daga giginya, itacen da gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, to a nan ne gwanintar maginan Hausa ta fito. Sai su riƙa tura azara daga bango kaɗan-kaɗan, wata a kan wata, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ta tanƙwaro ta haɗu da 'yar uwarta a sama. Wannan shi ne bakan gizo, in kuma bakuna suka gicciya aka ɗora rufi mai tulluwa a kai, an yi ɗaurin guga. Da wannan dabara ake samun zaure mai faɗin da mutum ashirin za su zauna ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda yake son ya ga iyakar inda wannan fasaha ta kai, ya je masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajen shekarun 1830. A waje kuma ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso, haɗin katsi na marina da gashin da majema suka kankare da dafara. Sai indararo mai zubar da ruwa nesa da bango, da zankwaye a kusurwoyi.

Kaurin bangon nan ba ado ba ne, musamman ga mai goro. Goro ɗan lele ne, ba ya son zafi, ba ya son iska ta busar da shi. A cikin ganyen fita ake naɗe shi a yi huhu, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance an yayyafa ruwa, an tsince wanda sankara ta kama kada ya ɓata sauran. Ɗakin ƙasa mai duhu da sanyi shi ne firjin wancan zamani. Mahaifina, wanda ya fara kasuwanci da goro kafin ya koma hatsi da doya, har yau in ya shiga shagon bulo mai rufin kwano da rana sai ya ce wannan ai tanda ce, huhu ba zai kwana uku a nan ba.

Amma fa a lura, soron ƙasa na Kano da Katsina ba ya jure ruwan wannan yanki. Damina a nan ta fi tsawo, ruwan ya fi yawa. Saboda haka da magina suka gangaro kudu sai suka sauya dabara. Wasu suka riƙa ɗora jinka a kan rufin ƙasa, ƙasar tana kare gobara daga ciki, ciyawar tana kare ruwa daga waje. Wasu suka koma ga ɗaki zagayayye ko adada mai rufin ciyawa da ke saukowa ta rufe bango, irin wanda masu ƙasa suka daɗe suna yi. Gidan Bahaushe a ƙasar Gwari ko Nupe, tsarinsa na Hausa ne, zaure da shigifa da cikin gida, amma hularsa ta aro ce daga maƙwabta. Da kwano ya zo kuwa sai kowa ya huta da yankan ciyawa.

Game da tarihin yankinmu, akwai abin da nake ganin matasa da yawa suna cakuɗawa. Hausawan wannan ƙasa ba zuwa ɗaya suka yi ba. Akwai Zage-zagin da suka biyo Sarkin Zazzau Muhammadu Makau lokacin da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19. Makau ya zauna a Zuba, ya rasu a yaƙi a wajen Lapai a 1825, ƙaninsa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa garin Abuja a 1828, wato Suleja ta yau. Waɗannan da sarauta suka zo. Da farko ma tsakaninsu da masarautun Fulani sai takobi, don haka ƙasar ba ta da daɗin ratsawa ga fatake. A zamanin Sarki Abu Kwaka, 1851 zuwa 1877, aka buɗe ciniki da Bida da Zariya. Sai kuma aka sake samun tsaiko, har ta kai ga tare hanyar fatake tsakanin Lakwaja da Zariya ya zama dalilin da Turawa suka kafa suka shiga Abuja a 1902, ƙarshen zamanin Sarki Ibrahim. Ka ga ke nan maganar hanya da masauki ba ƙaramar magana ba ce, har gari an ci saboda ita. Kashi na biyu su ne fatake da masu sana'a da suka zo a hankali, kafin Turawa da bayansu. Kashi na uku kuma su ne waɗanda titin mota ya kawo, da waɗanda suka kwararo bayan 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja da Babban Birnin Tarayya, har tsohuwar Abuja ta bar wa sabon birni sunanta ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yawancinmu a nan, in muka bi salsala, cikin kashi na biyu da na uku muke.

Ba zan ɓoye wani ɓangare na wannan tarihi ba don yana da ɗaci. Cikin kayan da ayari ke ɗauka har da mutane. Bayi suna cikin masu dako, suna kuma cikin abin sayarwa, kuma gidajen fatoma da yawa an ajiye bayi a cikinsu kafin a kai su kasuwa. A Salaga har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, da Hausa ɗin nan tamu, inda ake yi musu wanka kafin a fitar da su. Mutanen tsakiyar Nijeriya, har da Gwari, suna cikin waɗanda hare-haren neman bayi suka fi cutarwa a ƙarni na 19. In wani dattijo a cikinsu ya tuna wannan, ba ƙage ya yi ba, kuma gara mu sani kafin mu buɗe baki muna alfahari da zamanin fatake a gabansa.

Abin da ya kashe ayari shi ne dai abin da ya kashe masaukan Ingila. Salaga ta fara rauni tun 1874 da Turawa suka ci Kumasi, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Karachi da wasu garuruwa. Turawan mulkin mallaka a Arewa sun ɗora wa ayari haraji na wasu shekaru, suka soke shi a 1907. Sai jirgin ƙasa daga Baro ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911. Masu wayo suka gane da wuri. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 a gidan fatake Agalawa, yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko. Tafiyar wata uku ta koma ta kwanaki. Daga baya Yarabawa suka dasa goron da kansu a wajen Agege da Shagamu, sai zuwa Gwanja ya zama labari. Jikokin madugai suka zama masu motocin haya da 'yan kwangila, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa kunnen Ɗantata ne ta wajen uwa.

Turawa su ma sun kawo nasu masaukin, wato bariki. A kan hanyoyin rangadi suka sa aka gina ɗakunan ƙasa masu baranda da rufin ciyawa, yawanci a kan tudu nesa da gari, talakawa ne suke ginawa suke gyarawa, da wani mai gadi da ake kira Sarkin Bariki. Dubi bambancin da harshe ya ajiye mana. Zango ya bar mana kalma mai daraja har muna auna karatu da mulki da ita, bariki kuwa ya bar mana ɗan bariki da 'yar bariki.

Sana'ar fatoma dai ba ta mutu ba, kaya ta canza. Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, a kan masu gidajen saukar fataken shanu da goro ta tsayu, har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta ya rubuta littafi a kanta a 1969. A Ghana kowane babban gari yana da zango, akwai Sabon Zango a Ankara, akwai na Kumasi, kuma a 2017 gwamnatin ƙasar ta yi dokar kafa asusu na musamman don raya zangogi. A nan gida, ka je kara ko kasuwar doya ko ta hatsi, za ka ga baƙo ya sauke kaya ya ce shi baƙon wane ne, ya kwana a shagonsa ko a zaurensa, a sayar masa a cire la'ada. Ka dubi Tafa a kan hanyar Kaduna, ko Lambata da ke kusa da mu, yadda manyan motoci suke jeruwa da dare, ga mai shayi, ga mai tsire, ga bakanike, ga masallacin kwano. Jagaba da zai dawo duniya, nan take zai gane wurin.

Akwai kuma darasin Zangon Katab. Sunan kawai ya isa ya gaya maka asalinsa, masaukin fatake ne a ƙasar Katab wanda ya zama gari. A watan Fabrairu da Mayu na 1992 rikici ya ɓarke a can, wanda ya faro daga maganar sauya wa kasuwa matsuguni, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka, har wutar ta kai Kaduna. A ƙarƙashin maganar kasuwar akwai tsohuwar tambaya, wa ke da ƙasar, wa ya ba wa wa, kuma da wane sharaɗi. A Ghana ma a 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi, mutanen da aka haifi iyayensu a zango suka wayi gari a kan mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ni a ganina, al'ummar da ta san takamaimai wane sarki ya ba kakanta fili, a wace shekara, da abin da aka yi alkawari a kai, ta fi ƙarfin tsayawa ta yi magana cikin mutunci a kan wadda take cewa kawai ai mun daɗe a nan. Kuma wanda ya san an ba kakansa masauki ne cikin karamci, zai yi wuya ya raina jikan wanda ya ba shi.

Matsalar ita ce shaidar tana rushewa a gaban idonmu. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, in aka bar shi damina uku ya tafi. Gado kuma in ya zo, babban gida sai a yanka shi gida-gida, kuma zaure ne yake fara tafiya domin shi ke bakin titi, a fasa shi a fitar da shago biyu ko uku. A unguwarmu na ga an yi wa wani tsohon zaure haka, azarar da aka ciro daga rufinsa ko gara ba ta taɓa ba, aka faskara aka dafa abincin biki da ita. Ban ga laifin magada ba, kowa da buƙatarsa, kuma ba na cewa mu koma kwana a ɗakin jinka. Amma yau kusan kowane saurayi yana da waya mai kyamara a aljihu. Kafin a sa diga a tsohon zauren gidanku, ɗauki hotonsa ciki da waje, ka auna tsawo da faɗi da kaurin bango ko da taku ne, ka zana yadda ɗakunan suke a takarda. Ka zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidan ka naɗi muryarsa, ka tambaye shi daga wane gari aka taso, me aka zo sayarwa, a gidan wa aka fara sauka, wane ne sarkin garin a lokacin, kuma ina jakuna suke kwana. Tsofaffin mata ma kada a bar su, su ne suka san tukunya nawa ake ɗorawa in baƙi sun sauka. Wanda ya samu wani abu daga Izom, Gawu, Lambata, Dikko ko Madalla, don Allah ya aiko mini, zan haɗa su wuri ɗaya in kai kwafi ga Sarkin Hausawa da limamin unguwa.